Latas ɗin Nayif

Fiye da shekara ashirin ina ɗaukar kayan gonar Nayif a motata zuwa babbar kasuwar kayan lambu ta Amman, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin mutane na tsinta ba. Tare muka tashi a Ummu Ratam, gabas da Mafrak, ƙofarmu na kallon tasu. Abu Mishal muke ce masa, da sunan babban ɗansa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, idan kuma dariya ta kama shi sai ya ja gefen jan rawaninsa ya rufe baki. Ba shi ne limaminmu ba, amma duk ranar da liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba.

Noman tumatir ya gada. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar burtsatse tun lokacin da ruwa ke kusa, kuma da ita aka ciyar da gidan har aka aurar da kowa. Daga baya ruwan ya riƙa nutsewa ƙasa, ana ƙara bututu ana bin sa. Sai ya soma gishiri. Da fari a shayi kawai ake jin ɗanɗanon, matarsa Fidda tana ƙara sukari ana wucewa. Bayan 'yan shekaru gonar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari, tumatir ya riƙa fitowa ƙanana da taurin fata, dillalai suna ɗagawa suna ajiyewa. 'Yan'uwansa biyu suka sayar da rabonsu suka koma birnin Zarƙa. Nayif ya ƙi. Kullum da safe sai ya zagaya gonar, ko da babu abin da zai duba a cikinta.

'Yarsa Rawand ce ta kawo maganar latas. Ta yi karatun noma a jami'a, ta dawo gida ta zauna shekara biyu tana jiran aikin da bai zo ba. Ta yi masa bayani cewa akwai noman da ba ya bukatar ƙasa. Za a kafa rumfar leda, a jera fararen bututai a kan ƙafafun ƙarfe, a huda su, a sa kowane tsiro a ɗan kofi, ruwa mai taki ya riƙa gudana a ƙarƙashin saiwoyin yana komawa tanki yana sake zagayowa. Ta ce ruwan da tumatir zai sha a yini ɗaya zai ishe su mako da makonni, kuma gidajen abinci na Amman suna neman irin wannan latas ɗin ido rufe, don babu ƙasa a jikinsa, babu tsutsa.

Ina zaune ranar da ta faɗa masa, muna shan gahawa a tsakar gida. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Wato shekara huɗu ina tura ki jami'a, abin da suka koya miki ke nan? Ki shuka ganye a bututun banɗaki?"

Ta ce, "Baba, ka ba ni kusurwa ɗaya kawai ka gani."

Ya ba ta bayan ɗakin girki, don ta daina damunsa. Da bututu huɗu da tsohon injin ruwa ta fara. Ba a yi wata biyu ba latas ya cika su, kore shar, ganyensa na sheƙi. Na sha ganin Nayif yana wucewa ta wajen kamar mai neman wani abu da ya ɓatar. Wata rana na tarar da shi shi kaɗai ya ciro guda ɗaya, ya ɗaga shi sama yana kallon saiwoyin, farare dogaye kamar gemun tsoho. Da ya gan ni ya mayar da shi da sauri, ya ce wai dubawa yake ko yarinyar ta yi kuskure.

A ƙarshen wannan shekarar ya sayar da tumakin da mahaifinsa ya bari. Fidda ta cire awarwaronta na zinariya ta miƙa masa ba tare da ya tambaya ba. Aka kafa babbar rumfa a kan gonar da ta mutu. Mishal, wanda yake ta shirin tafiya Aƙaba neman aikin tashar jirgin ruwa, ya fasa ya tsaya. Gidan gaba ɗaya ya koma cikin rumfar. Rawand ke haɗa taki tana auna ruwa, Fidda ke sa iri a cikin ƙananan sosuna da ɗan tsinke, Mishal ke kula da inji da wayoyi, Nayif kuma ke cira yana jerawa a kwali da hannunsa, ba ya barin kowa ya taɓa. Ruwan rijiyar bai yi ba saboda gishiri, saboda haka suka dogara da na famfo, wanda ake sako mana sau ɗaya a mako, da abin da suka tara na ruwan sama daga rufin ledar.

Lokacin sanyin farko ya yi kyau ƙwarai. Wani babban mai dafa abinci a Amman ya ɗanɗana latas ɗin ya ce a riƙa kawo masa kullum, ya kuma haɗa su da abokansa. Na daina zuwa kasuwa da kayan Nayif, sai dai in bi ƙofofin baya na gidajen abinci ina saukewa. Mutanen ƙauye da suka yi masa dariya suka soma zuwa kallo, suna tambayar nawa bututu yake, nawa leda take. Ya yanka rago aka yi mansaf, ya kira maƙwabta, muka ci shinkafa da nama da hannu a cikin rumfar, tsakanin layukan latas. A ranar na ji yana gaya wa wani baƙo cewa shi da 'yarsa suka yi tunanin abin. Rawand ta ji, ta yi murmushi ta ƙyale shi.

Sai bazara ta zo. Latas ba ya son zafi. Idan ruwan da ke bututun ya ɗumama, saiwoyin sai su yi ruwan ƙasa su fara wari, tsiron ya miƙe sama ya yi kara, ganyen ya yi ɗaci. Rawand ta san da haka, shi ya sa aka yi wa rumfar bango guda na kwali mai ramuka wanda ruwa ke jiƙa shi kullum, da manyan fankoki a ɗaya gefen suna jawo iska mai sanyi ta cikinsa. Abin da ba su auna daidai ba shi ne yawan ruwan da bangon nan zai sha. Latas ɗin kansa kaɗan yake sha. Bangon ne ke shanye tanki, ruwan ya bi iska ya tafi. Kuma zafin wannan shekarar ko tsofaffinmu sun ce ba su tuna irinsa ba.

A tsakiyar haka aka mayar da sakin ruwan famfo sau ɗaya a mako biyu. Masu tankar ruwa suka ninka kuɗi, kuma ko ka yarda da kuɗin sai ka jira, don manyan gonaki sun riga ka. Nayif ya fara da tankin saman gidansa. Ya sa Mishal ya ja tiyo daga can zuwa rumfar. Gidan ya koma wanka da kofi, Fidda na tara ruwan wanke-wanke tana wanke tufafi da shi, daga nan ta zuba a banɗaki. Ba ta yi ƙorafi ba sai ranar da ta zo dafa abinci ta tarar ko na tukunya babu. Ta shiga rumfar ta cika bokiti daga tankin bangon, ta wuce ta gabansa da shi.

Wata rana da azahar aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya, fankoki suka tsaya. A irin wannan noman, idan ruwa ya daina gudana, saiwoyin ba sa jure ko awa guda a cikin zafi. Fidda ce ta ƙwala mini kira daga ƙofarsu. Na tarar da su huɗun suna gudu da bokitai da butoci, suna ɗiba daga tanki suna zubawa a bakin kowane bututu, ruwan ya gangara ya koma tanki su sake ɗiba. Cikin rumfar kamar tanderun burodi. Nayif ya tura ni Mafrak in sayo duk ƙanƙarar da zan samu. Na zagaya masu sayar da kifi da masu lemo, na dawo da abin da na samu rabi ya narke a bayan mota. Kafin wuta ta dawo da la'asar, Rawand ta faɗi sau ɗaya an yayyafa mata ruwa, kuma kusan rabin latas ɗin ya kwanta.

Washegari na kai abin da ya tsira. Mai dafa abincin ya gutsiri ganye ɗaya ya tauna ya tofar a hannunsa. Mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya ce in gaya wa Abu Mishal yana ganin girmansa, amma shi ma yana da masu cin abinci da zai fuskanta, kuma akwai wani babban kamfani kusa da filin jirgi da ke kawo latas rani da damina ba fashi. Ya ce zai jira su mako uku. Idan kayan bai gyaru ba, zai koma can.

Da na isar da saƙon, Mishal ya ce a rufe rumfar har sanyi ya dawo, shi ya tafi Aƙaba ya riƙa aiko da abin da ya samu. Rawand ma ta ce hakan ya fi. Nayif ya ce idan suka rufe yanzu, lokacin da za su buɗe babu wanda zai tuna da su, kuma babu sauran tunkiya ko zinariya da za a sayar a sake farawa. Ya ce shekararsa sittin, ba zai je Zarƙa ya tsaya a ƙofar wani yana buɗe wa motoci ba.

A nan Akif ya shigo. Mai gyaran famfo ne a ƙauyen gaba, ɗan gajere mai yawan fara'a, wanda kowa ya san irin aikin da yake yi bayan gyaran famfo. Babban bututun gwamnati da ke kawo ruwa ƙauyenmu ya bi ta gefen gonar Nayif kafin ya gangara unguwar ƙasa. Akif ya ce masa aikin ɗan lokaci ne, a huda a ɗaura siririn tiyo a binne, babu wanda zai sani. Na ji daga baya cewa sau biyu Nayif yana korarsa. A karo na uku shi ya aika a kira shi.

Ranar Juma'a suka yi aikin, lokacin da duk maza ke masallaci. Na lura babu shi a sahu, abin da ban taɓa gani ba, na ɗauka rashin lafiya ne. Ko iyalinsa bai gaya musu ba. Ya ce musu ya samu wani mai tanka da ke kawo ruwa da sassafe kafin su tashi. Mishal, wanda ke kula da inji, ba zai rasa ganewa ba, amma ya yi shiru. Rawand ta ce ita ta ƙi tambaya ne don tana tsoron amsar.

Latas ya farfaɗo. Sabon dashe ya fito kore, saiwoyi farare, mai dafa abincin ya ci gaba da karɓa. Amma Nayif ya rame. Ya daina zama da mu bayan sallar magariba. Da liman ya yi tafiya aka tura shi gaba, sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Unguwar ƙasa kuwa ruwa ya daina isa. Ranar da aka sako, famfunansu sai su yi tari su ɗiga kaɗan su tsaya. A can yayarsa Wadha take, tsohuwa mai kula da mijinta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wanda dole a wanke shi a wanke shimfiɗarsa kowace rana. 'Ya'yanta duk suna nesa. Wata safiya ina loda kwalaye sai ga ta ta hawo tudu da jarkoki biyu a cikin baro, tana tsayawa tana hutawa. Ta ce ta ji Allah ya hore masa mai tanka, ko zai taimaka mata da na wankan malam.

Nayif ya karɓi jarkokin ya cika su daga tankin rumfar. Ita kuwa tana tsaye tana sa masa albarka.

"Allah ya ƙara maka, ƙanena. Duk cikinmu kai ka ɗauko halin Baba. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu."

Ya ce, "Ya isa, Yaya. Ya isa haka."

"Bai isa ba. Kai ba ka san abin da ruwan nan yake a wurina ba."

Ya ce in kai ta gida a mota. Daga ranar kullum sai ya aika mata da jarkoki huɗu, ita kuma tana bin gidaje tana ba da labarin alherin ɗan'uwanta. A ranar, da na dawo daga kai ta, na same shi zaune a ƙasa bayan tanki, ya dafe kai. Na tambaye shi lafiya, ya ce zafi ne.

Mutanen unguwar ƙasa suka kai ƙara, aka turo ma'aikatan ruwa su bi layin. Ba su sha wahala ba. Haɗin Akif yana yoyo, kuma duk inda tiyon ya bi a ƙarƙashin ƙasa ciyawa ta tsiro. A watan da babu ko ɗan kore a duk faɗin filin, ga siririn layin ciyawa ya miƙe daga bututun gwamnati har gindin rumfar Nayif. Suka bi shi da ƙafa, yara na biye da su, manya na biye da yara.

Yana cikin rumfar yana jera latas suka shigo. Mishal ya sha gabansu ya ce shi ya yi, mahaifinsa bai san komai ba. Nayif ya ajiye kwalin ya ce, "Koma gefe, Mishal. Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe. Ni na kira mai aikin, ni na riƙe masa tiyo." Suka tambaye shi sunan mai aikin, ya ƙi faɗa. Ba a bukaci ya faɗa ba ma, don Akif ya riga ya bar gari.

Suka toshe haɗin a gaban kowa. Wadha tana cikin taron. Ban san wanda ya yi mata bayani ba, na dai ga ta matso ta tsaya gabansa ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Ruwan da kake aiko mini, ashe ruwana ne?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kuma ka bar ni ina yawo gida-gida ina yabonka." Ta juya ta gangara. Da yamma ta aiko jikan maƙwabciyarta da jarkokin, babu komai a ciki.

Dagaci da dattawan dangi sun yi ƙoƙari, suka je suka roƙa, suka ce mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. An sassauta, amma sai da ya yi 'yan watanni a gidan yari, ga tara da ta cinye fankokin da rabin bututan. Latas ɗin da ke ciki bai kai mako ba. Fidda da Rawand suka cire shi da hannunsu suka zuba wa awakin maƙwabta, awakin ma suka shinshina suka bar mai ɗacin. Mishal ya tafi Aƙaba. Mijin Wadha ya rasu Nayif na tsare, kuma mutane ba su rasa abin faɗa ba, ko da yake ciwonsa ya daɗe.

Ni na ɗauko shi ranar da aka sake shi. A hanya bai tambayi rumfar ba, ya tambayi ko an yi wa mamacin sallah da jama'a da yawa. Na ce an yi. Da muka kusa ƙauye ya ce in bi ta bayan gari. Washegari ya sa fararen kaya ya gangara gidan Wadha don ta'aziyya. Ta karɓe shi kamar yadda ake karɓar baƙo, ta sa aka ba shi gahawa, ta amsa gaisuwarsa daga bayan ƙofa. Ya sha ya taso. Yana zuwa duk mako, har yanzu daga bayan ƙofar take amsawa.

Da sanyi ya shigo Rawand ta gyara abin da ya rage na bututan, ta sake dasawa da ruwan sama da ta tara. Gidajen abincin sun tafi, sai dai in kai mata babbar kasuwa, inda dillalai ke juya latas ɗin suna tambayar me ya sa aka bar masa saiwa, su saya a farashin wanda aka noma a ƙasa. Ta ce da zafi ya fara za ta rufe, ba za ta sake gardama da bazara ba. Abin da ake samu yana sayen burodi da man zaitun da kuɗin wuta, ba ya wuce nan. Wani malamin makaranta daga Irbid ya nemi aurenta, kuma Fidda ta gaya wa matata cewa idan ta tafi babu mai haɗa takin.

Nayif ya nemi aiki a babban kamfanin nan na kusa da filin jirgi. Suka ce ya tsufa da ɗaukar kaya, amma da suka ga yadda yake jera latas a kwali suka ɗauke shi na wucin gadi. Motar ma'aikata ke ɗaukarsa a bakin titi da asuba, tare da samari 'yan Masar da 'yan Siriya da ke ce masa Kawu. Sallar Juma'a kuma a ƙauyen gaba yake yi yanzu, a sahun baya. A makon jiya na tsaya na rage masa hanya. Ya ce an gaya musu kamfanin zai kawo injin da ke jera kaya da kansa kafin ƙarshen shekara, ya tambaye ni ko na san wani a Zarƙa da ke neman mai gadi. Na ce zan tambaya.